Manhajar ERP a Kamfanin Wutar Lantarki: Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Gabatarwa

A hutun da ya gabata taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi makonni muna kwana cikin duhu. Masu sayar da ƙanƙara suka rufe shago, telan da ke kusa da gidanmu ya koma aiki da keken ƙafa, ni kuma na riƙa zuwa wajen mai janareto ina biya a yi mini cajin waya. Da na kai kukana ga wani kawuna da ya yi shekaru yana aikin sito a wani kamfanin wuta kafin ya yi ritaya, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wani lokaci kayan gyaran suna nan a ajiye a siton wani gari, amma babu wanda ya sani." Wannan magana ce ta sa na shiga bincike, har na ci karo da abin da ake kira ERP. Hausa ba harshen uwata ba ne, a bakin maƙwabta na fara tsintar ta kafin na zo jami'a, don haka ina roƙon mai karatu ya gyara mini inda na yi tuntuɓe. Abin da nake so in nuna shi ne, manhajar nan ba ta amfanar kamfani sai bayanan da aka zuba mata sun zama na gaskiya, kuma kowa yana kiran abu ɗaya da suna ɗaya.

Mece ce ERP?

Haruffan nan uku taƙaitawa ce ta wani suna na Ingilishi mai nufin tsara yadda kamfani yake sarrafa dukiyarsa da ma'aikatansa. A taƙaice, babbar manhajar kwamfuta ce da ke haɗa ayyukan sassan kamfani a kan rumbun bayanai guda. Sashen kuɗi, da na saye-saye, da sito, da na ma'aikata da albashi, da na gyare-gyare, duk wuri ɗaya suke rubutawa, kuma wuri ɗaya suke karantawa.

Asalinta daga masana'antu ne. Tun shekarun 1960 aka fara amfani da kwamfuta wajen lissafin kayan da masana'anta take buƙata da lokacin da za a sayo su. A 1972 wasu mutum biyar da suka bar aiki da kamfanin IBM suka kafa kamfanin SAP a Jamus, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da irin wannan manhaja, tare da Oracle na Amurka. Shi kuwa sunan ERP, kamfanin bincike na Gartner ne ya fito da shi a 1990.

Bari mu koma kan taransifomar unguwarmu don mu ga yadda abin yake aiki. A tsohon tsari, injiniya zai rubuta rahoto a takarda, a kai wa manaja ya sa hannu, a tura wa mai sito. Idan babu kayan a sitonsa, sai a buɗe sabon fayil na saye, fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. A tsarin ERP kuwa, da zarar an shigar da rahoton, manhajar za ta buɗe takardar aiki mai lamba, ta nuna duk siton da ke da irin kayan ko da a wani gari ne, ta keɓe su don wannan aiki. In babu su ko'ina, sai ta aika buƙata ga sashen saye-saye. Idan ɗan kwangila ya kawo kaya, akanta ba zai biya ba sai takardar oda da takardar karɓar kaya da takardar neman biya sun yi daidai da juna. Awannin da ma'aikata suka yi a wajen gyaran ma suna shiga lissafin albashinsu kai tsaye.

Me ya sa kamfanonin wutarmu suke buƙatar ta?

An kafa hukumar NEPA a 1972, bayan an haɗe hukumar lantarki ta ƙasa da hukumar madatsun ruwan Neja. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta maye gurbinta da PHCN, aka kuma rarraba aikin zuwa kamfanoni 18: shida na samar da wuta, ɗaya na dakonta a manyan wayoyi, 11 na raba ta ga jama'a. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin rabawa da na samarwa ga 'yan kasuwa, amma na dakon wuta ya ci gaba da zama a hannun gwamnati. Duk da haka har gobe in aka ɗauke wuta, 'yan NEPA mutane suke zagi.

Wanda ya sayi kamfani ya sayi har da takardunsa. Kamfanin raba wuta yana da falwayoyi da wayoyi da taransifomomi da mitoci warwatse a jihohi da dama, ga ɗimbin masu amfani da wuta da yake bi kuɗi kowane wata, ga kuma kuɗin wutar da ya saya da ake bin sa. Kamfanin da bai san adadin kayansa da inda suke ba zai sayi abin da yake da shi, ya rasa abin da yake buƙata. Haka nan sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: inda lissafin sito da na akanta ba su haɗu ba, nan kaya suke ɓacewa.

Amma kada mu yaudari kanmu. ERP ba ta ƙara ruwa a madatsar Kainji, ba ta kawo iskar gas tashar Egbin, ba ta kuma sa wa gida mita. Matsalar bil na ƙiyasi, wadda ta sa hukumar NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a caji marasa mita a 2020, maganinta mita ne. Abin da manhajar take yi shi ne nuna wa shugabanni halin da kamfaninsu yake ciki a kan lokaci.

Darasi daga Amurka

Shigar da ERP aiki ne na shekaru. Ana fara da rubuta yadda kowane sashe yake aikinsa, a tsabtace tsofaffin bayanai, a daidaita manhajar da buƙatun kamfani, a gwada ta, a horar da ma'aikata, sannan a sa ranar sauyawa. Wanda ya tsallake mataki ɗaya zai gane cewa sauri ya haifi nawa.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na National Grid, kamfanin Birtaniya da ke raba wuta da gas a jihohin New York da Massachusetts na Amurka. Reshensa na Amurka ya fara aiki da sabuwar manhajar SAP a farkon Nuwamba na 2012, 'yan kwanaki bayan guguwar Sandy ta lalata wayoyin wuta a yankin. Ma'aikata suna ta aikin gyara dare da rana, sai manhajar ta kasa lissafin awanninsu daidai. Wasu aka biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu aka biya su fiye da kima. Takardun neman biya na 'yan kwangila sama da 15,000 suka taru ba a biya ba. Rufe lissafin wata, wanda a da yake ɗaukar kwana 4, ya koma kwana 43. Gyaran ɓarnar ya ci kusan dala miliyan 585. A 2017 kamfanin ya kai ƙarar Wipro na Indiya, wanda ya yi aikin haɗa manhajar, aka sasanta a 2018 Wipro ya biya dala miliyan 75. Cikin abubuwan da masu bincike suka nuna akwai ƙarancin gwaji da ƙarancin horo.

Wannan kamfani yana da kuɗi da ƙwararru, amma hakan bai cece shi ba. Wanda ya fi jin jiki kuma shi ne ma'aikacin da ya hau falwaya cikin sanyi, wata ya ƙare bai ga cikakken albashinsa ba.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu suna iya zama mutum ɗaya ba. Ba ta san Ogbomoso da Ogbomosho gari ɗaya ne ba. Idan ma'aikata uku suka rubuta sunan mai gida ɗaya ta hanya uku, manhajar za ta ɗauka mutum uku ne, wataƙila a bi shi bashin da ya riga ya biya. Haka abin yake a sito. Kawuna ya ce abin da wani ya rubuta da sunan kamfanin da ya ƙera shi, wani da girmansa yake rubutawa, wani kuma da sunan da 'yan aiki suka laƙaba masa. Shi ya sa kaya suke nan amma ba a ganin su. Kafin a shigar da ERP dole a zauna a amince da suna ɗaya da lamba ɗaya ga kowane abu. Wannan shi ne aikin da muke koyo a darasin daidaita ƙa'idojin rubutu da ƙirƙirar kalmomin fannu.

Akwai kuma batun haruffa. Mu masu koyon Hausa mun san wahalar da haruffa masu lanƙwasa suke ba mu, mun kuma san cewa kara daban, ƙara daban. Masu Yarabanci da Ibo su ma suna da haruffa masu ɗigo a ƙasa. Idan ba a tanadi yadda za a shigar da waɗannan haruffa ba, sunayen mutane da na unguwanni za su riƙa canzawa daga ofis zuwa ofis.

Sai saƙonnin da kamfani yake aika wa jama'a. Ɗan kasuwar da ke Sabo a Ibadan ko Agege a Legas zai fi gane bil ɗinsa da Hausa. To, a Hausa kalmar wuta tana nufin ta lantarki, tana kuma nufin mai ƙonewa. Wanda ya kira ya ce wuta ta kama taransifoma, da wanda ya ce wuta ta ɗauke, buƙatunsu ba ɗaya ba ne, kuma na farkon ba ya jira. Mai karɓar ƙorafin da bai iya harshen sosai ba zai iya shigar da su a aji ɗaya.

Kammalawa

An gyara taransifomarmu daga baya, yara suka yi ta ihun murna kamar yadda aka saba. Ni dai abin da na ɗauka daga wannan duhu shi ne, kamfanin wuta yana buƙatar mai tsara kalmomi kamar yadda yake buƙatar injiniya da akanta. Don haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai mu koyi amfani da kwamfuta tare da nahawu, mu fara tattara sunayen kayan lantarki kamar yadda masu gyaran wuta suke faɗin su a kasuwa. Zan so mujallarmu ta ware shafi ɗaya don wannan jerin kalmomi a fitowa ta gaba, kuma na yi alkawarin kawo waɗanda na samu daga bakin kawuna.