Ire-iren Buroshin Zane a Waya da Kwamfuta

 

Wani abu da ya faru da mu a hutun da ya wuce shi ya jawo wannan rubutu. Mun ɗora wa wani ɗan ƙungiyarmu aikin zana hoton da za mu liƙa a saman wannan allo. Yaro ne mai hannu, duk wanda ya taɓa ganin bayan littafinsa na lissafi zai shaida haka. Ya ari wayar yayansa, ya sauke manhajar zane, sannan ya ƙarar da datar mutane wajen tara buroshi, har ya haɗa fiye da ɗari biyu. Ranar da aka dawo makaranta sai ga shi hannu rabbana. Ya ce kullum in ya zauna zai fara zane, lokaci yakan ƙare masa wajen gwada wannan buroshi da wancan. Taron tsintsiya ba shara ke nan. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu fahimci mene ne buroshi a cikin manhaja, nawa ne ire-irensa, kuma wanne mai koyo yake buƙata.

Buroshin gaske tukuna

Buroshin da ake riƙewa a hannu kashi uku ne: mariƙi, da ƙarfen da ya ɗaure gashi, da gashin kansa. Gashin shi ke raba aiki. Mai tauri, kamar na alade ko na nailan mai kauri, shi ake tura fentin mai da shi, domin fentin yana da nauyi. Mai laushi shi ya dace da fentin ruwa, saboda yana shan ruwa ya riƙe. A ƙasashen Sin da Japan an daɗe ana ɗaure gashin akuya a bakin gora ana rubutu da zane da shi. Bayan gashi sai siffar baki. Akwai mai tsini don siririn layi, akwai mai faɗi don cike wuri, akwai kuma mai kama da mafici wanda ake fitar da ciyawa ko gashi da shi.

Mu ma nan gida mun san wannan ilimi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ga yadda ake fiƙe alƙalami. In an bar bakinsa da faɗi, rubutu ya fito da kauri. In an sirance shi, ya fito siriri. Mai lalle ma haka take yanke bakin ledarta daidai da zanen da take so, haka shi ma mai fentin da ke rubutu a jikin shaguna da bayan manyan motoci yake zaɓen buroshinsa. A duk waɗannan, bakin abin zane shi ke yanke wa layi siffa, hannu kuma shi ke jan sa.

Shin mene ne buroshin manhaja?

Buroshin manhaja ba shi da gashi ko ɗaya. Fuskar waya ko ta kwamfuta cike take da ƙananan ɗigo da ake kira fiksel. Fuskar da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye tana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Yin zane a nan shi ne sauya launin wasu daga cikin waɗannan ɗigo.

Ku tuna hatimin da shugaban makaranta ke bugawa a katin sakamako. Da a ce za a yi ta buga shi a jere, kowane bugu yana hawa kan na bayansa, da sai ya daina kama da hatimi ya koma doguwar layi. Haka yawancin buroshin manhaja suke aiki. Manhaja tana bin sawun yatsanka ko alƙalaminka, tana buga ƙaramin hoto guda sau da yawa cikin sauri, ido kuma ya ga layi ɗaya. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin karatun, domin bambancin da ke tsakanin ɗaruruwan buroshi bai wuce 'yan saituka kaɗan ba.

Na farko siffar hatimin: zagaye ne, ko murabba'i, ko ganye, ko tauraro. Na biyu girmansa. Na uku tazara, wato nisan da ke tsakanin bugu da bugu. Idan tazarar kashi 25 cikin 100 ce na faɗin hatimin, bugu huɗu ake yi kafin a ci tsawon faɗinsa ɗaya, sai layi ya fito sumul. Idan aka kai ta sama da kashi 100, layin zai rabu ya koma kamar ƙwayoyin carbi. Na huɗu kaifin baki: gefen layin a yanke yake tas, ko kuwa yana dusashewa kamar hayaƙi. Na biyar kaurin launi, wanda manhajoji ke kira ofasiti. In ya cika, launin zai rufe abin da ke ƙarƙashinsa. In aka rage shi, za a riƙa hango na ƙasa kamar ta cikin siririn mayafi. Ana iya ƙara kaushi don layi ya yi kamar an ja shi a kan takarda mai gurzo, ko a sa hatimin ya riƙa watsuwa gefe da gefe.

Wannan fasaha ta daɗe. A 1984 kamfanin Apple ya fitar da MacPaint, wadda baƙi da fari kawai take zanawa, amma tana da buroshi masu siffofi daban-daban da gwangwanin feshi. A 1985 Paint ta zo tare da Windows na farko, kuma har yau muna ganin ta a ɗakin kwamfuta. A 1990 aka fitar da Photoshop. Yanzu akwai Krita, wadda kyauta ake sauke ta, da ibisPaint da ke aiki a waya, da Procreate da ta fito a 2011 don iPad.

Manyan ire-irensu

Fensir. Layinsa siriri ne, mai ɗan kaushi, launinsa ba ya cika kauri. Da shi ake zanen farko, lokacin da ake laluben siffa ana kuskure ana gyarawa.

Alƙalamin tawada. Bakinsa a yanke yake, launinsa cikakke. Da shi ake bin sawun fensir a fitar da layin ƙarshe, kamar yadda masu zanen barkwanci suke yi a jarida. Akwai wani nau'insa mai karkataccen baki, wanda in ka ja shi ta wani gefe ya yi kauri, ta wani gefen kuma ya sirance. Wanda ya saba da alƙalamin allo zai gane shi nan take, kuma shi ya fi dacewa da rubutun ado. Manhajoji da yawa suna da saitin da ke daidaita rawar hannu, yana da kyau mai koyo ya kunna shi a nan.

Mai zagaye mai kaifi. Ba shi da wani ado, shi ya sa masu koyo ke raina shi, alhali shi ne jakin aiki. Da shi ake cike launi, da shi ake sa inuwa mai iyaka, kuma in aka rage masa kaurin launi ana iya haɗa launi biyu da shi a hankali.

Feshi. Yana kwaikwayon bindigar fentin da ake fesa wa mota. Gefensa a dusashe yake, don haka ya dace da sararin sama, da haske, da inuwa mai laushi. Sai dai a yi hattara: wanda ya yi komai da feshi, hotonsa zai fito kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu, ba a gane inda hanci ya tsaya da inda kumatu suka fara.

Fentin ruwa da fentin mai. Waɗannan sun fi sauran wahalar da na'ura, domin ban da buga hatimi, manhaja tana lissafin yadda sabon launi zai cakuɗu da wanda ya tarar. Na ruwa yana da shara-shara, yakan bar duhu a gefen inda ya bushe. Na mai yana da kauri, yana jan launin da ke ƙasa yana barin sawun gashi. A ƙaramar waya sukan sa layi ya riƙa biyo yatsa a makare. In haka ta faru, a rage girman buroshin ko girman takardar.

Gawayi da alli. Kaushi ne ƙarfinsu. Suna barin ƙananan gurabe a cikin layi kamar yadda alli ke yi a allon aji. Suna da kyau wajen fitar da bangon ƙasa, da dutse, da bawon itace.

Mai watsa siffa. Hatiminsa hoton ganye ne, ko ciyawa, ko tauraro, ana watsa shi ana jujjuya shi. Ja ɗaya ya cika bishiya da ganye. Yana rage wahala, amma in aka cika shi, mai kallo zai gane ganye ɗaya ne aka maimaita sau ɗari. Irin waɗannan ne suka fi yawa a cikin ɗari biyun da abokinmu ya tara.

Mai murza launi da magogi. Na farko ba ya zuba launi, yana jan wanda ke wurin ne kamar yadda muke murza fensir da yatsa. Magogi kuwa, wanda muke kira kilina, shi ma buroshi ne: yana da girma da kaifi da tazara, cirewa kawai yake yi maimakon zubawa. Gwanaye suna zane da shi, su shafa duhu sannan su goge inda haske zai fito.

Fiksel da bekta

Duk waɗanda muka lissafa, ɗigo suke rinawa. Shi ya sa in aka buɗe hoton ya yi girma fiye da kima, sai gefensa ya fito da tsani-tsani. Akwai wani gida na daban da ake kira bekta, inda manhaja ke ajiye layi a matsayin lissafi: daga ina ya tashi, ina ya lanƙwashe, ina ya tsaya. Irin wannan layi ko an mai da shi girman bango ba ya lalacewa. Da shi CorelDRAW da Illustrator da Inkscape suke aiki, kuma shi ya sa masu buga katin biki da kalanda suka riƙe CorelDRAW. Saboda haka wanda zai zana bajen makaranta, da za a sa a aljihun riga kuma a sa a ƙofar shiga, bekta ya kamata ya nema. Wanda zai zana kasuwa da ƙurarta da inuwarta, fiksel ya fi masa.

Alƙalami ko yatsa?

Buroshin gaske in ka danna shi yakan baje, layi ya yi kauri. Don a kwaikwayi haka aka ƙera alƙalamin lantarki mai jin nauyin hannu. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, ya yi suna a wannan fanni, kuma alƙaluman yanzu suna bambance matakan dannawa 4096, wasu har 8192. Yawancin wayoyinmu ba sa jin nauyin yatsa, amma wannan bai isa hujjar naɗe hannu ba. A ibisPaint akwai saitin da ke sirance farkon layi da ƙarshensa ko da yatsa aka ja shi. A watan Yuni na 2009 mujallar The New Yorker ta Amurka ta fito da hoton bango wanda Jorge Colombo ya zana da yatsa a wayar iPhone. David Hockney, shahararren mai zane na Ingila, shi ma ya yi zane-zane da yawa a waya da iPad bayan ya haura shekara saba'in.

Shawararmu

Mai koyo ya zaɓi guda uku: fensir, da alƙalamin tawada, da mai zagaye mai kaifi. Ya riƙe su wata guda bai ƙara ba. A rana ta farko ya ɗauki mai zagayen ya ja layi biyar, kowane layi ya sauya saiti ɗaya kacal, ya ga abin da ya canza. Daga nan ya zana abin da ke gabansa: buta, ko takalmi, ko ganyen darbejiya, ko dagin Arewa. Ya yi fensir a shimfiɗa ɗaya, wato leya, tawada a wata, launi a wata, don in ya yi kuskure ya gyara ɗaya bai ɓata saura ba.

Game da sauke buroshi daga intanet, a kula da abu uku. Ba kowane buroshi ke shiga kowace manhaja ba, domin kowacce da irin fayil ɗinta. Wasu na sayarwa ne, mai su ya sha wahala kafin ya haɗa su, ɗaukar su ta bayan fage cin haƙƙi ne. Wasu shafukan kuma da sunan kyauta suke cusa wa waya cuta, wayar da sau da yawa ma ta aro ce. A nemi izinin mai waya, kuma a tuna dokar makaranta game da shigo da waya tana nan daram. A gida za a yi wannan aiki, ko a ɗakin kwamfuta da izinin malam.

Muna roƙon malamanmu na zane da na kwamfuta su duba yiwuwar sa mana Krita a kwamfutocin makaranta, tunda ba a biyan ko kwabo. Sana'a ce da ake ci da ita: bangon littafi, tambarin shago, katin gayyata, duk hannun mai zane suke jira.

Shi kuwa abokin namu, mun sa shi ya goge tarin buroshin nan ya bar uku. Hoton da kuke gani a saman wannan allo nasa ne, kwana huɗu ya ɗauke shi. Duk wanda ya gwada nasa, ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis, ya rubuta sunan buroshin da ya yi amfani da su a bayan takardar. Za mu liƙa uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga teburin kimiyya da fasaha na Ƙungiyar 'Yan Jarida