Kira Ga Daktocinmu Masu Ba Kamfanoni Shawara

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga 'ya'yanmu masu digirin dakta. Bayan yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022, wasunsu sun bar koyarwa, sun koma ba manyan kamfanonin Abuja da Legas shawarar tafiyar da harkoki. Ban ga laifinsu ba, albashi ba ya isa.

To mu fa? Mai shago a Kwanar Dangora bai iya raba uwar kuɗi da riba ba. Manomin Doguwa kan sayar da masara da arha da kaka, ya saye ta da tsada da damina. Don Allah ku zo ranar kasuwa ku koya mana rubuta lissafi da kafa ƙungiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Naka,
Wani ɗan tireda,
Kwanar Dangora.