Makullin Mota Ya Karye? Kada Ka Yar Da Kansa

A zamanin Fijo 504 da Bitil, in makullin mota ya karye, sai maigida ya kai guntayen wurin mai yankan makulli, a yanka masa wani nan take, ya tashi motarsa ya tafi. Yau ba haka abin yake ba. Mutum zai yanko sabon makulli, ya buɗe ƙofa lafiya lau, ya murɗa, sitata ta yi ta kuka, amma injin ya ƙi kamawa. Daga nan sai a fara zargin batir da famfon mai, har a kashe kuɗin cefanen wata guda a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Ga dalilin. A cikin baƙar robar nan ta kan makulli akwai wata 'yar ƙwaya da masu gyara ke kira cif. Wata kamar kwalba take, ta ɗan ɗara ƙwayar shinkafa, wata kuma baƙa ce mai kama da gutsuren gawayi. Ba ta da batir. Akwai zoben waya kewaye da ramin da ake sa makulli, shi ke ba ta wuta sa'ad da aka murɗa, ita kuma ta aika da lambarta zuwa kwamfutar mota. In lambar ta yi daidai, mota ta tashi. In babu lamba, kwamfutar ta hana mai ko wuta zuwa injin. Don maganin ɓarayi aka yi wannan dabara. Jamus da Ingila sun wajabta ta a kan sababbin motoci tun 1998, Kanada kuma a 2007, saboda haka yawancin motocin da ake kawo mana na hannu daga Turai da ita suke zuwa.

To, ka ga ke nan darajar makulli tana kansa, ƙarfen kuwa abu ne mai araha. Sau da yawa in makulli ya karye, ƙarfen ne ya tsinke ko robar ta fashe, ƙwayar kuwa tana nan garau. Sai ka tattara kome, har ɓarɓashin roba, ka ƙulle a leda. Ka sayi kwanson makulli irin na motarka, wato roba da ƙarfe marar yanka, babu ƙwaya a ciki. A yanka ƙarfen bisa guntayen tsohon, a ciro ƙwayar a mayar cikin sabon kwanso. Mota ba za ta san an sake kome ba, gama lambar da ta saba ji ita ce take ji. Ba a bukatar na'ura ko kaɗan.

Wurin ciro ƙwayar ne ake yin hankali. Irin ta kwalba ba ta son wuƙa ko sukudireba a yi mata ƙarfi. In ta tsage, ta mutu. A fere robar kaɗan kaɗan har ta fito da kanta. A wasu makullai masu rimot, ƙwayar manne take da allon rimot ɗin, sai a ɗauke allon dungum. Guntun da ya maƙale cikin rami kuwa, kada a bi shawarar masu cewa a shafa gam a jawo shi. Gam zai daskare a ciki, a koma sayen ramin gaba ɗaya. Mai yankan makulli yana da siririn ƙarfe na zaro shi.

In ƙwayar ta ɓace amma akwai makulli na biyu a gida, har yanzu da sauƙi. Mai na'ura zai iya kwafe lambar wancan ya sa a sabuwar ƙwaya, ko ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari ya gabatar wa mota da sabon makulli. Masu Toyota su duba jikin ƙarfen kusa da roba: wasu suna da ɗigo, wasu harafin G, wasu H, kowanne da irin ƙwayarsa, ba kuwa sa shiga wa juna. A gwada a tashi motar kafin a biya kuɗi.

Wasu makanikai sukan ce a naɗe ƙwayar da salatif a jikin zoben nan, domin kowane ƙarfe da aka yanka ya tashi motar. Yana yi kam. Amma ka buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan da hannunka, don ɗan abin da ka rage bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Babbar wahala tana kan wanda makullinsa ɗaya ne tak, ya kuwa ɓace duka. Shi sai a jawo motar ko a ɗauko mai na'ura zuwa inda take, a wasu tsofaffin motoci ma sai an kwance kwamfutar an sake rubuta ta. Da yawa cikin motocin hannu da makulli guda ake sayar da su. Mai irin wannan mota ya yanka na biyu tun na farkon yana aiki, ya ba uwargida ta adana masa tare da takardun mota.