Ciwon Haƙarƙari: Suna Ɗaya, Cututtuka Da Yawa

1.0 Gabatarwa

Idan mutum ya dafa gefen ƙirjinsa ya ce haƙarƙarinsa, ko awazarsa, na ciwo, ya faɗi wurin da yake jin zafi ne kawai, bai faɗi cutar ba. Ɗan kokowa da aka kayar, da matar da ta wuni tana daka, da yaron da numfashinsa ke sama-sama a lokacin hunturu, duk da wannan suna ake kiran abin da ke damun su. Na farko da ta biyu hutu da haƙuri na iya warkar da su, amma na uku yana iya rasuwa cikin ƴan kwanaki. Manufar wannan takarda ita ce mu rarrabe ciwon da ke bangon ƙirji da wanda ke fitowa daga ciki, sannan mu nuna hanyoyin samun sauƙi.

2.0 Ƙirar haƙarƙari

Ɗan Adam, namiji ko mace, yana da ƙasusuwan haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe, kuma dukansu a maƙale suke da ƙashin baya. Guda 7 na sama suna haɗuwa da ƙashin ƙirji ta hanyar guringuntsi, 3 na biye suna jingine da guringuntsin na samansu, 2 na ƙasa kuwa ba su da mahaɗi ta gaba. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai tsoka da jijiya. Wannan keji shi ke tsare huhu da zuciya, ƙasansa kuma ya rufe hanta ta dama, saifa ta hagu, da ƙoda ta baya. Saboda haka kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa yana iya aiko da zafinsa a haƙarƙari.

3.0 Ciwon bangon ƙirji

Alamar wannan rukuni ita ce majinyaci yana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, kuma zafin yana ƙaruwa idan an danna, ko ya juya, ko ya yi tari.

3.1 Buguwa da karaya: faɗuwa daga kabu-kabu ko amalanke, harbin jaki, ko kaye a filin kokowa. Karyayyen haƙarƙari yakan haɗe da kansa cikin kimanin sati 6.

3.2 Gurɗewar tsoka: jan guga a rijiya mai zurfi, daka, ɗaukar buhu, ko tari mai tsanani da ya daɗe.

3.3 Kumburin guringuntsi, a mahaɗin haƙarƙari da ƙashin ƙirji. Yana tsorata mutane domin yana kama da ciwon zuciya, amma yakan wuce da kansa. Irin wanda ke zuwa da kumburi a fili, likitan Jamus Alexander Tietze ne ya bayyana shi a 1921.

3.4 Cutar da ake kira zona da Faransanci. Ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta ta farka. Zafi kamar ƙuna yakan riga ƙuraje fitowa da ƴan kwanaki, sannan su jeru kamar ɗamara a gefe ɗaya kawai. Maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowarsu.

4.0 Ciwon da ke fitowa daga ciki

4.1 Huhu. Shi kansa huhu ba ya jin zafi. Tantanin da ke lulluɓe da shi ne ke ji. Idan kumburi ya kai ga tantanin, sai mutum ya ji suka kamar ta wuƙa duk lokacin da ya ja numfashi. Wannan shi ne abin da jama'a suka fi nufi da ciwon haƙarƙari, wato namoniya, mai zuwa da zazzaɓi da tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ta kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000. Ƙaramin yaro ba ya iya faɗar inda ke masa ciwo, don haka numfashinsa ake ƙirgawa na minti ɗaya yana kwance lafiya lau, ba ya kuka. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, da 40 daga shekara 1 zuwa 5. Idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, a kai shi gidan likita a ranar. Ga babba kuma, tarin da ya kai sati 2 tare da rama da zufar dare yana buƙatar awon majina, domin tarin fuka na iya zama sanadi.

4.2 Amosanin jini, wanda ake kira emasi. Ga mai wannan cuta, ciwon ƙirji tare da zazzaɓi ko sarƙewar numfashi ba abin jinya a gida ba ne.

4.3 Zuciya da gudan jini. Nauyi a tsakiyar ƙirji mai yaɗuwa zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da zufa, alamar toshewar jijiyar zuciya ce. Suka ta farat ɗaya da haki ga mai jego, ko ga wanda ya daɗe a kwance, tana iya nuna gudan jini a huhu.

4.4 Kayan ciki. Zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana iya zama na hanta ko tsakuwar matsarmama. Na hagu kuwa na saifa, wadda yawan zazzaɓin cizon sauro ke kumburawa. Bayan haɗari, karayar ƙasusuwan ƙasa tana iya fasa ɗaya daga cikinsu. Jiri da ciwon ciki su ne gargaɗin.

5.0 Hanyoyin samun sauƙi

Abin da za mu faɗa a nan ya shafi ciwon bangon ƙirji ne kaɗai. Babba yana iya shan farasitamol, giram 1 a lokaci guda, da tazarar a ƙalla awa 6 tsakanin sha da sha, kada ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita. Ibuprofen yana rage kumburi, amma mai ciki da mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda su guje shi. A ɗora ƙyalle mai sanyi a kwanakin farko, a dakatar da aikin ƙarfi, amma kada a kwanta wuni guda.

Muhimmin abu shi ne numfashi. Mai ciwo yakan rage jan iska don gudun zafi, sai majina ta taru a ƙasan huhu, namoniya ta biyo baya. Don haka ya riƙa jan dogon numfashi sau 10 a kowace awa, ya rungume matashin kai idan zai yi tari. Da wannan dalili ne likitoci suka bar ɗaure ƙirji, abin da su ma suke yi a da. Ɗaure shi da rawani ko zane yana sauƙaƙa zafi na ɗan lokaci, amma yana hana huhu buɗewa. Ƙaho da tsaga da sakiya ba sa kai wa ga huhu, kuma babbar ɓarnarsu ita ce kwanakin da suke cinyewa kafin a je asibiti. Haka ma tiramol na masu talla: yana rufe alamar ciwo, yana kuma kama mai shan sa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa kalmar haƙarƙari wuri take nunawa. Tambayoyi 4 ne ke taimakawa wajen rarrabewa: an bugu? Akwai zazzaɓi ko tari? Numfashi ya canza? Dannawa na tayar da zafin? Amsar ta huɗu ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin mai ciwon zuciya ma yana iya jin zafi idan an danna. Duk inda aka ga zazzaɓi, ko haki, ko jini a cikin majina, ko ciwon da ya wuce ƴan makonni bai sassauta ba, sai a nemi likita ya saurari ƙirjin, ya ɗauki hotonsa idan da hali.