Idan Mai Kalangu Bai Zo Ba

An karɓi kafin alƙalami, an kafa rumfa, an jera kujeru, sai ga waya da la'asar: mai kalangu yana asibiti da iyalinsa, ko kuma wani mai hannu da shuni ya ja shi wani gari da kuɗi ninki biyu. Duk ƙungiyar kiɗa da ke cin abinci daga wannan biki zuwa wancan ta san irin wannan waya. Abin da ya sauya shi ne yadda ake toshe giɓin. A da, uban tafiya kan waiwaya ya ce wa yaro ya rataya ganga. Yanzu aljihu yake laluba ya zaro filas.

Dalilan rashin zuwan ba ɓoyayyu ba ne. Makaɗi ba shi da albashi, rabonsa daga liƙi ne da sallamar mai biki, don haka inda ta fi maiƙo can zai nufa. Ga rashin tsaro a hanya, ga matsalar biza ga masu fita waje. Ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen Mali ta ɗanɗana mafi munin wannan. Bayan masu tayar da ƙayar baya sun haramta kiɗa a arewacin ƙasar a 2012, mayaƙan Ansar Dine suka kama ɗaya daga cikin masu kaɗa mata jita, Abdallah Ag Lamida, a farkon 2013, kafin daga baya a sake shi. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib ma ya ɗauki lokaci ba ya bin su rangadi, ya zauna kusa da iyalinsa. Duk da haka wasa bai tsaya ba, domin mawaƙansu da masu jitarsu sun fi ɗaya, kowa kuma ya san waƙar kowa.

Tsohon tsarin makaɗan Hausa haka yake. Yaro kan fara da dakon kaya, ya koma kan kuntuku, ya yi shekaru yana sauraro kafin a ba shi babban kalangu. 'Yan amshi kuwa sun haddace komai. Shi ya sa tawaga irin ta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ta watsewa don mutum ɗaya ya kwanta ciwo. Ɗan Maraya Jos ya bi wata hanya dabam: shi kaɗai da kuntiginsa, babu wanda zai saɓa masa alkawari.

Fiyano ce ta karya tsohon tsarin. Tun da waƙoƙin fim suka bunƙasa a Kano a ƙarshen shekarun 1990, mutum ɗaya a situdiyo yake haɗa kiɗan da a da sai mutum biyar ko shida. Mawaƙi ya zo biki da DJ, a saka sauti, ya bi da baki. Ribar a fili take: ƙaramar mota ta ishe su maimakon bas, masu rabo sun ragu, filas kuma ba ya zazzaɓi. Mai biki ma ya samu sauƙi, ga shi baƙinsa sun ji waƙar daidai yadda suka saba jin ta a waya.

Asarar ce ba a gani sai an tsaya kusa. Idan babban baƙo ya shigo fili, mai kalangu na gaske yakan matse tsirkiya da hammata ya sauya murya nan take, ya buga taken mutumin, mawaƙi ya ɗora kirari, kuɗi su fara zuba. In liƙi ya yi zafi sai a ja kiɗan, in fili ya yi sanyi a gajarta. Sautin da aka naɗa ba ya ganin wanda ya shigo. Mintinsa biyar in ya cika ya cika. Babbar asarar, a ganina, ita ce ta yaran. Tawagar da ta daina ɗaukar makaɗa ta daina ɗaukar masu koyo, nan da shekara goma kuwa ko an so komawa ga ganga sai an sha nema.

A Yamai akwai masu tafiya a kan tsohuwar dabara da kayan zamani. Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000, tana da mutane har 13, amma kusan shida ne ke hawa dandali a lokaci guda. Suna wasa dare biyar a mako, kowane dare kimanin awa biyar, aikin da babu jikin da zai jure ba tare da karɓa-karɓa ba. Wani lokaci ma sukan rabu biyu su yi wasa a wurare biyu. Rashin mutum ɗaya a nan ba abin tayar da hankali ba ne. Sai dai tsarin na da tsada: bakuna 13 ake ciyarwa, kuma sai mai samun aiki kusan kullum zai iya riƙe su.

Ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda ba su kai nan ba kuma ba su yarda da filas ba, ɗan haya suke kira. A tura masa waƙoƙin ta WhatsApp da rana, ya saurara a kan babur, da dare ya hau. Sau da yawa yana fitar da su kunya, ko da yake bai san inda mawaƙi ke tsayawa ya ja numfashi ba, kuɗinsa kuma a dunƙule yake karɓa ko an yi liƙi ko ba a yi ba. Galibi ma daga wata ƙungiyar aka zare shi, wadda ita ma a daren nan take buga waya tana neman mai kalangu.