Karatun taro: Gadon da zai iya ceto yaran Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu gari ne da ya daɗe da yin suna a fagen ilimi. Kwalejin Gwamnati da ke garin ta yaye fitattun mutane da dama, ciki har da hamshaƙin attajirin nan Aliko Ɗangote.

Sai dai a ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma, da na maƙwabciyarta Gwaram da ke iyaka da jihar Bauchi, da wuya a tarar da littafin labarin yara a cikin gida, kamar dai yadda lamarin yake a akasarin karkarar arewacin Najeriya.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A wani rahoto na shekarar 2022, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan yara tara cikin goma a ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara kan kai shekara goma ba tare da sun iya karanta ɗan gajeren labari sun fahimce shi ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyi masu sauƙi na tunkarar wannan matsala ita ce karatun taro, wato yara su hallara wuri guda a karanta musu littafi, sannan su ma su karanta.

Tsohuwar al'ada

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A karatun zaure, malami ne ke buɗe littafi ɗaya yana fassarawa, ɗalibai suna saurare. Da dare kuma yara kan kewaye kaka su sha labarin Gizo da Ƙoƙi.

Da rubutun boko ya zo, a kan wannan turba ya hau. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta samar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Bayan 'yan shekaru Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a juzu'i uku, inda wani aku ke jero labarai. A lokacin masu iya karatun boko ƙalilan ne, don haka mutum ɗaya kan karanta, jama'a na saurare. Haka ma aka riƙa yi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939.

A farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyin da ake yi da baka, ya wallafa su da sunan Tatsuniyoyi da Wasanni, suka shiga azuzuwan firamare.

Ƙungiyoyi da shagunan haya

A shekarun 1980 da 1990 harkar ta sake salo a Kano. Matasan marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jiga-jiganta, suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu.

Shagunan hayar littattafai suka bunƙasa, gidajen rediyo suka ware filayen karanta labarai, sannan littafi ɗaya kan zaga gidaje da dama a hannun matan aure da 'yan mata. Kafin 1991, lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram suna cikin jihar Kano ne.

Amma galibin waɗannan littattafai na manya ne. Wasu iyaye da malamai sun riƙa zargin na soyayya da ɓata tarbiyya, har ta kai ga an ƙona wasu daga cikinsu a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A tsakiyar wannan taƙaddama, ƙananan yara ne aka bari ba abin karantawa.

Me taron ke ƙarawa?

Amfani na farko shi ne sauƙin kuɗi: littafi goma na iya wadatar da yara hamsin idan ana musaya.

Na biyu, yaro ya fi saurin gane haruffa idan labarin da harshen da yake ji a gida ne. Kan wannan hujja aka samar da littattafan Mu Karanta! a jihohin Bauchi da Sakkwato, ƙarƙashin wani shiri da Amurka ta tallafa wa daga 2015.

Na uku shi ne haɗa kan jama'a. A tabarma ɗaya, ɗan manomi da ɗan makiyayi, ɗan boko da almajiri, duk masu sauraro ne. Iyaye kuma kan san abin da ake karanta wa 'ya'yansu, abin da ke rage zargi.

Akwai ma ginshiƙin da za a ɗora a kai. Jigawa na cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki daga 2008 zuwa 2017, inda ya ƙarfafa kwamitocin iyaye da shugabannin al'umma masu sa ido kan makarantu.

Ƙalubale

Tsadar takarda ta sa littattafai sun yi wuyar saye. Da damina yara maza na gona, 'yan mata da dama kuma na talla, yayin da wayar salula ke cinye hirar dare.

Duk da haka, abin da karatun taro ke buƙata bai taka kara ya karya ba: inuwa, da tabarma, da 'yan littattafai, da mai karatu ɗaya da unguwa ta amince da shi.

A duwatsun Birnin Kudu har yanzu akwai zanen shanu da mutanen da can suka bari. Ko jikokinsu za su iya karanta nasu labarin, wannan ya rage ga iyayen yau.