Silimar da Ake Kallo Daga Cikin Mota

A ranar 6 ga Yuni, 1933, a Pennsauken da ke bayan garin Camden a jihar New Jersey ta Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Richard Hollingshead ya buɗe gidan silima da ba shi da kujera ko ɗaya. Fili ne fetal mai ɗaukar motoci wajen 400, ga ƙaton allo a gaba. Mota santi 25, kowane kai santi 25, amma ko an cika motar maƙil kuɗin ba ya haura dala ɗaya.

A ƙofar gidansa ya fara gwaji. Ya kafa farin ƙyalle jikin bishiyoyi, ya ɗora majigin Kodak a kan bonet ɗin motarsa. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne motar gaba tana tare wa ta baya. Sai ya yi 'yan tuddai jere-jere, kowace mota ta hau nata, gabanta ya ɗaga sama. Wannan dabara ya yi wa rajistar mallaka, ko da yake daga baya kotu ta soke ta.

Sauti kuwa ya ƙi daɗi. Manyan lasifikoki ne a gindin allo, na baya sai baki ya gama motsi kafin magana ta iso su, maƙwabta kuma suna shan hayaniya kyauta. Gidan bai wuce shekara uku ba. Sai a 1941 kamfanin RCA ya fito da 'yar lasifika da ake rataya wa a tagar mota.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harkar ta kankama. Mutane sun koma sababbin unguwannin bayan gari, mota ta wadata, 'ya'ya sun yi yawa. Uwa ta zo da jinjirinta, ya yi ta kuka ba mai harararta. Samari da 'yan mata ma suna da nasu dalilin na son duhu. A 1958 irin waɗannan gidaje sun haura 4,000.

Ana yawan ɗora laifin mutuwarsu kan talabijin da bidiyo, amma a ganina fili ne ya kashe su. Duk wanda ya san tsofaffin silimun Kano marasa rufi ya san ba a fara fim sai rana ta faɗi. Ga shi a arewacin Amurka sanyin hunturu kan sa a rufe na watanni. Fili mai arha a bakin gari yana iya jure wannan. Da gari ya cim masa, haraji ya tashi, masu gina manyan kantuna suka zo da kuɗin da tikiti ba zai taɓa tarawa ba, sai masu gidajen suka sayar.

Yau kimanin 300 suka rage. Mafi tsufansu shi ne Shankweiler's na Orefield a jihar Pennsylvania, wanda aka buɗe a 1934. Yanzu ta rediyon motar ake jin sautin fim.